ZAUREN IYALI: Wa Ya Kamata Ya Yi Biko?

A wannan wata na yi niyya mu yi zancen tarbiyyar yara, amma wani abu ya taso da ya sa na ajiye shi sai gaba.

Ran wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata yarinya ta tare ni a bakin majami'a. Na ce yarinya don tun tana makarantar Lahadi na san ta, amma yanzu 'ya'yanta uku. Ta durƙusa ta gaishe ni, sai ta zaro wani littafin Turanci mai kauri daga jakarta, ta ce, "Baba, ka san wannan littafi?" Na ce, "Na san shi, 'yata." Ta ce wata 'yar'uwa ce a zumuntar mata ta ba ta, ta ce ta karanta ta koyi gafara, ta koma ɗakinta. Watanta biyu ke nan a gidan wanta. Mijin yana sha, yana neman mata a waje, a daren da ta fita kuwa sai da aka yi mata ɗinki a goshi. Ta ce, "Baba, na karanta har ƙarshe, na yi kuka. Amma in gafara ita ce in koma gobe, to, ni ba zan iya ba. Ko na fāɗi daga bangaskiya ke nan?"

Ban ba ta amsa a tsaye ba, gama ba maganar bakin ƙofa ba ce. Na ce ta zo gida da yamma mu zauna tare da uwargidana. Da izininta nake kawo zancen a nan, ba suna, ba gari, domin na tabbata ba ita kaɗai ce aka miƙa wa irin wannan littafi da irin wannan saƙo ba.

Sunan littafin Redeeming Love, wato ƙauna mai fansa. Wata mata ce a Amurka, Francine Rivers, ta rubuta shi. Dā can labaran soyayya na duniya take rubutawa tana samun kuɗinta. A 1986 ta ba da ranta ga Almasihu, sai rubutu ya gagare ta har wajen shekara uku. A cikin wannan lokaci ne ta yi nazarin littafin annabi Yusha'u, daga nan wannan labari ya fito a 1991. An sāke buga shi da gyara a 1997, a 2022 kuma aka mai da shi fim.

Labarin ƙirƙira ne, ba tarihi ba. Ta ɗora shi a Kalifoniya a 1850, lokacin da mutane suka yi ta tururuwa can saboda zinariyar da aka gano a 1848. Akwai wata yarinya, Saratu, wadda Turawa suke cewa Sarah, da aka sayar cikin karuwanci tana da shekara takwas, aka sāke mata suna Angel. Ta girma ba ta amince da kowane namiji ba, ba ta kuwa son jin sunan Allah. Wani manomi mai tsoron Allah, Michael Hosea, ya kawo amfanin gonarsa gari, ya gan ta tana wucewa, ya ji a ransa Allah yana ce masa ita zai aura. Ya riƙa biyan kuɗin shiga ɗakinta don su yi magana kawai, tana yi masa ba'a. Sai da ƙaton da magajiyar gidan ta ajiye ya yi mata dukan kawo wuƙa, sa'an nan Michael ya biya magajiya da zinariyarsa, aka ɗaura musu aure, ya ɗauke ta zuwa gona ya yi jiyyarta.

Ba ta zauna ba. Ta gudu ta koma tsohuwar sana'a, ya je ya dawo da ita. Ta sāke gudu, ya sāke bin sawu. Mu a nan muna da sunan wannan abu: biko. Mace ta yi yaji, miji ya sa hularsa, ya ɗauki dattijo ɗaya ko biyu, ya je gidan surukai ya sunkuyar da kai. Sai dai wannan mata ba gidan iyayenta take gudu ba, kuma laifin ba na mijin ba ne. Duk da haka shi ne mai tafiya.

To, ga abin da na fara nuna wa 'yar tamu a daren nan. Na ce, "'Yata, a cikin littafin nan wa ya sha wahalar gafara?" Ta ce mijin. "Wa ya yi biko?" Mijin. "Wa ya biya?" Mijin. Na ce, "To, don me aka ba ke littafin, ba a ba maigidanki ba?" Uwargidana ta yi dariya har ta riƙe baki. Amma ba abin dariya ba ne. Mu maza mun iya wannan dabara: duk labarin haƙuri da muka ji, sai mu naɗe shi mu miƙa wa mata. Mahaƙurci mawadaci, in ji mu, amma kullum a wuyan mace muke rataya karin maganar. Ku buɗe Afisawa sura 5 ku ƙirga da kanku. Aya uku ce ta yi wa mata magana, wajen tara kuwa a kan maza suke, kuma misalin da aka ba maza shi ne Almasihu wanda ya ba da ransa domin ikkilisiya. A wa'azin ɗaurin aure sau nawa kuka ji mai wa'azi ya daɗe a kan ayoyi ukun nan, ya bi ta kan sauran da gudu don abinci yana hucewa?

Bari mu koma tushen labarin, gama wanda ya karanta na Rivers bai karanta na Yusha'u ba ya sha romo ne ya bar naman. Yusha'u ya yi annabci a mulkin arewa, wato Isra'ila, tun daga zamanin sarki Yerobowam na biyu, ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu, kafin Assuriyawa su ci Samariya a shekara ta 722. Ƙasa tana cikin wadata, mutane kuwa sun koma ga Ba'al suna gode masa don hatsi da mai. Allah ya umarci annabin ya auri mace mai halin karuwanci, ya auri Gomer. Aka haifi 'ya'ya uku, aka raɗa musu sunayen da ba uban da zai so ya kira a tsakar gida: na fari Yezreyel, sunan kwarin da aka zub da jini, ta biyu sunanta yana nufin wadda ba a yi wa jinƙai ba, na uku kuma yana nufin ba jama'ata ba. Gidan annabin ya zama wa'azin da dukan gari suke gani da ido.

A sura ta 3 aka sāke aikensa ya ƙaunaci mazinaciyar mace, wadda yawancin masana suka ɗauka Gomer ce. Ya fanshe ta da shekel 15 na azurfa da sha'ir. A Fitowa 21 diyyar bawa shekel 30 ce, shi ya sa waɗansu suke ganin sha'ir ɗin cikon rabin kuɗin ne, wato mutumin ya haɗa da abin da yake rumbunsa kafin kuɗin su kai. Amma akwai aya ta 3, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba. Da ya kawo ta gida, ba a ranar komai ya koma kamar dā ba. Ya sa mata sharaɗi ta zauna kwanaki masu yawa ba tare da bin wani namiji ba, shi ma zai jira. An fanshe ta a rana ɗaya, amma zaman miji da mata sai da aka ba shi lokaci.

A kula kuma, umarnin da aka ba Yusha'u na annabi ne, alama ce ga Isra'ila, kamar yadda aka hana Irmiya aure, aka kuma hana Ezekiyel makokin matarsa. Ba wanda yake cewa kowane mai bi ya ƙi aure don Irmiya bai yi ba. Ina faɗar wannan ne saboda samari. Tun da irin littattafan nan suka yawaita, na sha jin saurayi ya tare yarinya ya ce Allah ya nuna masa ita ce matarsa. Yarinya, in wani ya faɗa miki haka, ki ce masa to, ya dakata sai Allah ya nuna miki ke ma. Ko a littafin Rivers wurin nan bai kwanta mini ba: an ɗaura aure da mace tana kwance ba ta cikin hayyacinta sosai. A takarda ya yi daɗin karatu don marubuciyar ta riga ta san zuciyar Michael. A gari kuwa, dattijon ikkilisiya da ya san aikinsa ba zai yarda da irin wannan ɗaurin aure ba. Littafin kuma na manya ne, akwai wuraren da ba na yara ba, kada a bar shi a kan tebur.

Inda na fi yaba mata shi ne gudu na uku. A lokacin Angel ta riga ta kamu da son mijinta. Ta tafi ne don an gaya mata ba za ta taɓa haihuwa ba, tana so ya auri wata yarinyar maƙwabta ya sami 'ya'ya. A wannan karo Michael bai yi biko ba. Ya gane matar ta mai da shi allahnta, in ya ci gaba da bin ta, a wurinsa za ta tsaya, ba za ta kai wurin Mai Ceto ba. Ya zauna a gonarsa yana addu'a, shekara uku. A can birnin San Faransisko, ba miji kusa, ta ba da gaskiya, ta buɗe gida inda take koya wa mata masu son barin karuwanci sana'ar hannu. Daga baya ta komo da ƙafarta, ta faɗa masa sunanta na gaskiya, wanda ta ɓoye wa kowa. Wannan ya yi daidai da abin da na gani cikin shekarun da na yi ina zaman sulhu. Kana iya gafarta wa mutum, kana iya jiransa, amma ba ka iya tuba a madadinsa. Mata da yawa sun tsufa suna ƙoƙarin zama mai ceton mazajensu, aikin da ba a ba su ba.

Akwai kuma fim ɗin nan Fireproof na 2008, wanda da yawa a cikinku kun gani a taron ma'aurata. 'Yan'uwa biyu, Alex da Stephen Kendrick, suka shirya shi tare da ikkilisiyarsu ta Baptis a garin Albany na jihar Jojiya, Eric Wilson kuma ya mai da shi littafi. Caleb shugaban 'yan kwana-kwana ne, jarumi a wurin gobara, azzalumi a gida: tsawa, kallon hotunan batsa a kwamfuta, da tara kuɗi don ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa alhali surukarsa tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Matarsa Catherine ta nemi a kashe auren. Mahaifinsa ya ba shi wani littafi da aka rubuta da hannu, ya ce ya bi shi kwana 40, kowace rana da aikin ƙauna guda. Ya kai rabi yana yi kamar mai biyan haraji, matar ko kallo. Sai da ya gane shi ma haka yake yi wa Allah, ya tuba, sa'an nan abin ya fara fitowa daga zuciya.

Abin da nake so maza su lura da shi a fim ɗin, ba furannin da ya saya ba ne. Ya fito da kwamfutar waje ya farfasa ta. Ya kwashe dala 24,000 da ya tara don jirgi ya biya keken guragu da gadon asibiti na surukarsa, bai faɗa wa kowa ba, har matar ta zaci wani likita mai neman ta ne ya biya, alhali dala 300 kaɗai likitan ya bayar. Kwana 40 suka cika ba ta sauko ba, ya ci gaba. Tuban da ya taɓa aljihu ya kuma fasa gunki, shi ne irin na Zakka, wanda ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Amma kada wani ya mai da kwana 40 ɗin nan laya. Na san mutumin da ya yi mako guda yana wanke kwanuka, ran ta takwas ya fasa ɗaya a bango don matar ba ta yi masa godiya ba. Masu fim suna da awa biyu, dole su gama da murna kafin a kunna fitila. A gidajenmu wani ya yi shekara biyar bai ga sauyi ba, wani kuma har ya mutu bai gani ba, wannan kuwa ba shaida ce cewa addu'arsa ba ta kai ba.

Tsofaffi irina za su tuna da Walter Trobisch, faston nan Bajamushe da ya yi aiki a Kamaru, wanda ya rasu a 1979. A littafinsa I Married You na 1971 bai ɓoye saɓanin da ya shiga tsakaninsa da matarsa Ingrid ba, a daidai kwanakin da yake koya wa jama'a zaman aure. Don wannan na fi amincewa da shi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, har a bakin mai wa'azi.

Yanzu ga tambayar 'yar tamu. Na ce mata abu uku ne mutane suke cuɗawa su kira su da suna ɗaya: gafara, da amincewa, da komawa ɗaki. Gafara ba ta da zaɓi ga mai bi. Bitrus ya so a tsaya a sau bakwai, Ubangiji ya ƙi sa iyaka, ya kuma ba da misalin bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya je ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Gafara ita ce ki saki bashin, ki bar ramuwa a hannun Allah, ki daina fatan mugun abu ya same shi, kada kuma ki cusa wa yara ƙin ubansu. Wannan kina iya yinsa a gidan wanki, yau, ko da hawaye, gobe kuma in abin ya taso ki sāke yi.

Amincewa kuwa gini ce, wanda ya rushe shi ne zai ɗauko tubali. Yusufu ya juya ya yi kuka a ɓoye tun zuwan 'yan'uwansa na fari, alamar zuciyarsa ba ta riƙe su ba. Amma bai bayyana kansa ba sai da ya tsare Saminu, ya sa ƙoƙonsa a buhun Biliyaminu, ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin yaron. Yana so ya ga ko mutanen da suka sayar da ƙane sun sāke hali. Dawuda kuma sau biyu ya sami Saul a hannu bai taɓa shi ba, sau biyu Saul ya amsa laifinsa, har da kuka a karo na fari. Duk da haka Dawuda bai koma fada ya zauna inda māshi zai same shi ba. Ba wanda ya taɓa cewa Dawuda ya rasa bangaskiya don ya kauce wa māshi. A Luka 17 ma an haɗa tsautawa da tuba da gafara a wuri ɗaya, mu ne muke tsallake biyun fari.

Saboda haka na gaya mata a fili, ina kuma gaya wa dattawa da shugabannin zumuntar mata: macen da aka fasa wa goshi, kada a tura ta ta koma da littafi a hannu. Duka ba gicciyen da aka ce mace ta ɗauka ba ne, zunubi ne da ikkilisiya za ta tsauta a kai bisa ga Matiyu 18, laifi ne kuma a gaban hukuma, gama tun 2015 akwai dokar tarayya a Nijeriya da ta hana dukan abokin aure, jihohi da yawa kuma sun karɓe ta. In kuwa akwai neman mata ko neman maza a cikin maganar, su biyu su je asibiti a gwada jininsu saboda ƙanjamau da sauran cututtuka kafin su koma shimfiɗa ɗaya. Marubutan labari ba su cika sa wannan ba don yana ɓata daɗin ƙarshe. Mu da muke zuwa jana'iza ba mu da damar tsallake shi.

Kada kuma wata ta ji wannan ta ce Baba ya ba ta izinin yaji a kan cefane ko a kan maganar da ta fito da zafi. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Yawancin abin da yake cin aure ba zina ba ce, ba duka ba ne, ƙananan basusuka ne da ake rubutawa a zuciya shekara da shekaru ba a yafe ba, har miji da mata su zama kamar 'yan haya a gida ɗaya. Ga irin waɗannan gidaje labaran nan magani ne, ku karanta tare, ku kalla tare, wanda ya fara jin kunya ya fara neman gafara. Ni kaina da na gama littafin Rivers sai da na je madafa na roƙi uwargidana gafara a kan wata magana da na faɗa mata a gaban baƙi tun 'yarmu ta fari tana goye. Na zaci ta manta. Ta faɗa mini har launin rigar da na sa a ranar.

Washegari na karɓi littafin daga hannun 'yar tamu, na kira dattijo ɗaya muka tafi wurin mijin. Mun same shi a ƙofar gida, yana cewa ai ita ta fita, ita za ta dawo, shi ba ya biko. Na ce, "Ɗana, zauna." Muka buɗe masa Yusha'u sura 3 da Afisawa sura 5, muka gaya masa dattawa sun dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji, muka kuma faɗa masa abin da ake jira ya gani a aikace: ya bar sha, ya rabu da waccan matar, ya je gwaji, ya riƙa aika kuɗin abincin yara da na makaranta kowane wata, ya je gaban wan matarsa ya amsa laifinsa da bakinsa. Ya yi fushi, ya ce mun goyi bayan mace. Da za mu tashi na ajiye masa littafin a kan benci, na ce wannan nasa ne, an yi kuskuren adireshi ne da fari.

Yau wata uku ke nan. Kuɗin makaranta ya aika sau biyu, wata ɗaya bai aika ba. Gwajin ya yi. Ya je gidan wan sau ɗaya, ya tsaya a zaure, maganar ta maƙale, ya gaishe su ya juya. Ita tana nan inda take, tana zuwa sujada da yaranta, ta ce tana iya ambaton sunansa cikin addu'a yanzu ba tare da cikinta ya murɗa ba. Littafin dai bai dawo da shi ba, maƙwabcinsa kuma ya ce yakan ga fitila a ɗakinsa har tsakar dare. Ku sa su cikin addu'a. Zancen tarbiyyar yara sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.